Rabin Taɓaryar Inna

Ku matso nan kusa, 'yan mata, ku da kuke wucewa ta ƙofar gidanmu kuna jin ƙarar turmi kuna cewa, "Wai har yanzu akwai mai wahalar da kanta da daka?" Na ji ku. Kunnena ba ya barin magana ta wuce, ko ta bayan katanga aka yi ta. Shekaranjiya ma na ji wata cikinku tana cewa fura ai ba sana'a ba ce, gari ne da ruwa, a cura a jefa tukunya. To ku zauna in ba ku labarin garin da ruwan, da abin da suka yi wa dunduniyata.

Sunana Kulu. A nan Gummi in ka ce Kulu mai hura, ko akuyar unguwa za ta raka ka gidan. Daga wajen Bukkuyum aka kawo ni aure, ban iya komai game da fura ba sai shanta. Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini.

Ranar da na fara surfe a gidan nan, Inna tana cikin ɗaki tana jan carbi, ko leƙowa ba ta yi ba. Na yayyafa wa gero ruwa, na ɗaga taɓarya na sauke, na sake ɗagawa. Sai na ji murya daga ɗaki: "Ke Kulu! Ruwa kinka sa ko gulbi kinka juye? Gero na, ba wanki ba!" Na duba ko'ina ban ga ta inda take hango ni ba. Ashe ba kallo take ba, saurare take. Geron da ruwa ya yi wa yawa kukansa daban, wanda dusa ta fara sakinsa kukansa daban. Daga nan a sheƙe, a wanke, a rege tsakuwa, a bari ya tsane, a daka da citta da kanunfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, a ware garin barbaɗe gefe guda. Sai a cura manya-manya, a saka a tafasasshen ruwa. Duk wannan sharar fage ce. Aikin yana wajen kirɓi, lokacin da za ki juye dawo da zafinsa a turmi, tururi na dukan fuskarki, ki yi ta bugu kina yayyafa ruwan zafi har ya yi danƙo. Kin san yadda ake gane ya yi? Sai taɓarya ta fara fitowa da ƙyar tana tsotsa, kamar ɗan maraƙi ya saki nono. Kafin ki ji wannan, ko hannunki zai guntule, ba ki gama ba.

Taɓaryar Inna ta icen ƙirya ce, ta yi baƙi wuluk don riƙo, tsakiyarta ta sirance daidai inda tafin hannunta ya cinye. Da ita na koya, da ita na yi aiki har bayan rasuwarta. Da kan taɓaryar ya tsage, dawo ya fara maƙalewa a tsagar, na sayi sabuwa, ita kuma na tura ta ƙarƙashin gado. Ba a hura wuta da irin wannan.

Ni ban taɓa talla ba, kuma ba na son fita. Kasuwa ma sai in shekara ban leƙa ba. Masu nono ne ke zuwa har gida su ɗauki fura su tafi da ita. Kowace na san takunta tun daga zaure. Babbarsu ita ce Jumma, wata doguwar Bafillata mai bakin tsiya, wadda ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Jam waali, Kaɗo," haka take shigowa.

"Lahiya lau, 'yar daji. Yau ma ruwan rijiya kinka kawo muna da sunan nono?"

"Ke dai kawo tsakuwarki in kai ma mutane su karya haure."

Haka muke tun muna da ƙuruciya. Amma ku riƙe wannan: inda Jumma ta sayi fura, nan duk matan rugarsu ke saye. In ta juya wa gida baya, ko ƙuda ba ya sake shiga. Sana'ata duka a kan ƙafar Jumma take tsaye.

Shekarar da abin ya same ni dama ba ta zo da sauƙi ba. Gero ya yi tsada, hanyoyi ba lafiya, su Jumma sun taso daga wajen Zugu sun sake mazauni, masu zuwa sun ragu. Wata mata a bayan masallaci kuma ta sayo injin da ke markaɗa komai, tana fitar da fura tun kafin ni in gama wanke gero. A shekarar ne kuma babban ɗana ya zo daga birni da alheri, ya sa aka shafe mini tsakar gida da siminti, har wurin turmi. Unguwa ta yi ta zuwa kallo ana sa masa albarka. Ni ma na sa. Sai dai tun ranar farko na ji kukan turmina ya sake, ya koma wani ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙofar kwano. Da can a kan ƙasa nake tsayuwa, ƙasar da ta sha dusa ta yi laushi. Yanzu ga ni ƙafa ba takalmi a kan dutse, tun daga sallar safe har rana ta take, ga jiki kuma ya yi nauyi, don mai fura ba ta rama.

Wata safiya na sauko daga gado na taka ƙasa, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a dunduniyar dama. Na yi ƙara na ce kunama. Malam, maigidana, ya zo da takalmi a hannu, ya ɗaga tabarma, ya ɗaga katifa, ya kashe wani gyare da bai san hawa ba bai san sauka ba. Babu kunama. Na duba ƙafa, ba ƙaya, ba kumburi, ko faso babu. Da na ɗan zazzaga sai ya lafa. Da na zauna cura fura na tashi, sai ga shi ya dawo sabo. Haka kullum. Ciwon nan ba ya son ki huta ki tashi, nan yake jiranki.

Magani kam na sha shi. Maƙwabciyata Asabe ta ce wani abu aka binne mini na taka. Na ce to ai sai dai in magini ne ya binne, don ko'ina siminti ne. Aka ce in gasa dutse in taka, na taka, na samu ƙuna a kan ciwo. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga mugun nan ya fito. Da safe mugun yana nan inda na bar shi. Man zafi kuwa na shafa har Jumma ta shinshina fura ta ce, "Kaɗo, yau hurarki mura taka yi?"

Da ya kai ina kirɓi a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, fura tana fita da gudaji, Malam ya ce asibiti. Malamar da ta duba ni yarinya ce, amma ta san aikinta. Ta danna wuri guda da babban yatsa, na kusa yi mata ashar. Ta ce akwai wata jijiya shimfiɗe a tafin ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu, ita ce ta gaji da tsayuwa a kan tauri. In na kwanta sai ta ɗaure, in na taka da safe sai a fizge ta. Na ce a yi mini allura in tafi, ina da dawo a gida. Ta yi dariya ta ce wannan ba ciwon kwana biyu ba ne, sai an yi watanni ana lallashi. Kafin in sauko daga gado, in sa ɗankwali in jawo yatsun ƙafar wajena. In daina yawo ba takalmi, ko a tsakar gida, in nemi mai taushi mai ɗan tudu a baya. In rage tsayuwa. In dafa bango da hannu biyu, in miƙe ƙafar baya, in tura har in ji sha-raɓata tana ja. Sannan in sami kwalba mai sanyi in riƙa murza tafin ƙafa a kai.

Turin bangon nan shi ya fara jawo mini magana. Damina ce, an kwana ana ruwa. Da safe na dafa katangar da ke tsakaninmu da su Asabe, na miƙe ƙafa, ina turawa ina nishi. Malam ya dawo daga masallaci ya gan ni. Bai tambaye ni komai ba, ya yar da carbi ya zo ya kafa kafaɗa kusa da ni.

"Riƙe, Kulu, riƙe! Jama'a, katanga za ta hwaɗi! A kawo gwahwa a tokare ta!"

"Malam, ba hwaɗuwa za ta yi ba."

"Yi shiru ki tura! Mi kinka sani ga gini?"

Kafin in yi bayani, mijin Asabe ya ji ihu, ya fito ta nasu ɓangaren ya kafa tasa kafaɗar yana turowa. Dattawa biyu, katanga lafiyayya a tsakani, kowa na kiran Allah. Har yau in sun haɗu a zaure ba a tayar da zancen.

Saura kwalba mai sanyi. Mu da wutar lantarki sai dai mu gaisa a hanya, ina zan ga sanyi? Kwalbar roba ta lotse, ta gilashi kuma ta suɓuce ta fashe a simintin ɗana. Sai na tuna da taɓaryar Inna. Na jawo ta, na kakkaɓe yana, na kwantar, na ɗora ƙafa a daidai siririn wurin nan. Wayyo daɗi! Kamar don tafin ƙafata aka sassaƙa ta. Na mai da shi aikin kowace safiya, yayin da dawo ke kan wuta.

Ranar nan hadari ya haɗo, Jumma ta yi sammako. Ta yi sallama ta same ni zaune kan kujera a bakin madafa, ido a lumshe, ƙafa a kan taɓarya ina murzawa, ga turmi a gefe, ga tukunya na tafasa. Na amsa mata ban ko janye ƙafar ba, don ban ga abin ɓoyo ba. Ta dubi ƙafata, ta dubi taɓarya, ta dubi turmi. Ba ta ce Kaɗo ba. Cewa ta yi, "Kulu, yau nonona bai kwana da kyau ba, ba ni ɗaukar hura." Ta juya. Da ina da wayo, jin sunana a bakinta ya isa ya gaya mini an yi ɓarna. Amma su ba sa faɗa maka laifinka a ido, sai dai ka ga ba su.

Washegari ba ta zo ba, kuma ba wadda ta zo. Fura ta kwana ta yi tsami, muka sha, muka ba maƙwabta, har awaki suka fara kau da kai. Na rage kwaɓi, na sake ragewa, har na daina ɗora tukunya. Gidan ya yi shiru, sai kukan injin bayan masallaci.

Asabe ce ta kawo mini labari, tana yi kamar ba ta so.

"Ni dai ba da bakina ba. An ce taɓaryar da kike kirɓi da ita kike murzawa da ƙahwa, don duk wanda ya sha hurarki ƙahwarshi ta riƙa jawo shi gidanki."

Na riƙe baki. Malam da ke alwala ya ce, "In kina da wanga asiri, ki hwara yi ma ɗiyanki na birni, mu riƙa ganinsu ko da salla."

Ban yi dariya ba. Ina zaune ina juya abin, sai kunnena ya tuna mini wani abu. Tun farkon damina takun Jumma ya sake. In ta shigo daga tafiya, lafiya lau. Amma in ta zauna muka yi hira ta tashi fita, sai in ji takalmin robarta a zaure, ɗaya da nauyi, ɗaya a sace, kamar mai gudun tashin jariri. Na san wannan takun. Nawa ne.

Ranar kasuwa na sa sabon takalmina mai soso, na naɗe taɓaryar Inna a tsohon zane, na ce wa Malam zan fita. Ya dube ni kamar na ce zan tafi Makka a ƙasa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya kalli abin da na rungumo ya ce, "Inna, kasuwa za mu ko yaƙi?"

Na same su a gindin bishiyar da masu nono ke zama, ƙore a jere, kowace da faifai a rufe. Da na kwance zanen suka ga taɓarya, sai kowace ta jawo ƙwaryarta jikinta.

"Jumma, duba kanta," na ce. "Sa yatsa ga tsagar ga. Wagga za ta kirɓa dawo? Ta Inna ta, ta bar aiki tun ɗiyanki na goye."

Ta leƙa, ba ta taɓa ba. "To mi ya kai ƙahwa ga abin abinci?"

"Abin da ad damunki shi ad damuna. Tashi ki taka in gani."

"Lahiyata lau."

"Da sahe in kin sauko, ƙusa. In kin kama hanya, ya sake ki. In kin zauna saida nono kin tashi, ya dawo. Ƙahwar hagu."

Jumma ta zaro ido ta ja da baya. "La'ilaha illallahu! Ko mijina bai sani ba. Ashe abin da aka hwaɗi kaɗan na, har duba kike yi!"

Kun ji fa. Na zo wanke kaina na ƙara shafa baƙi. Ina cikin rantse-rantse cewa takunta na ji a zaure, sai iskar hadari ta taso ta ɗauke faifan ƙwaryarta ta yi gaba da shi. Ta zabura ta miƙe. Taku na farko ta ce "Wash!" ta dafa kan wata, ta bi faifan tana tsalle da ƙafa ɗaya, doguwar mace kamar ita. Matan suka fashe da dariya. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Ku daina dariya, ni ma haka nika kwana." Wata ta ce ita ma.

Jumma ta dawo ta zauna tana huci. Na tura mata taɓaryar gaban ƙafa na ce ta gwada. Ta janye.

"Ko mutuwa zan yi, ba ni taka taɓarya. Mu ba mu yin haka. Abin da ya ciyar da mutane ba a sa mai ƙahwa."

Na ce ai ta tsage. Ta ce tsohuwa ma in ta tsufa ba a taka ta. In gaskiya za a bi, Inna da kanta da ta gan ni, da sai ta ɗauki abin ta sauke mini a baya. Sai tsohuwar nan ta ce, "In an raba ta biyu fa? Ba ta da kai ba ta da gindi, ta tashi daga taɓarya, ta koma icce."

Jumma ta ce, "Icce kam ana takawa."

Akwai masassaƙi a layin masu turame. Na kai masa na nuna masa tsakiya. Ya ce, "Ƙirya ce fa, Inna, irin wagga ba a samu yanzu." Na ce yanka. Da zarto ya shiga na juya ina kallon masu albasa har ya gama.

Nan gindin bishiya Jumma ta tuɓe takalmi ta ɗora ƙafa a kan rabinta. Ta murza, ta sake murzawa, idonta ya fara lumshewa. Can ta ce, "Kaɗo, ashe kina da amfani."

"Ya hurar inji?" na ce.

"Kar ki tuna min. Tana ganin nono sai ta narke kamar kunu. Wani ya ce min in ba shi hurar, ya ga ruwan."

Washegari tun dawo bai nuna ba na ji taku a zaure, ɗaya da nauyi ɗaya a sace, da wasu a bayansa. Ba ta ɗauki fura ba sai da ta ɗaga taɓaryar aikina ta shinshina ta daga sama har ƙasa.

Kada ku ce icen ne ya warkar da mu. Ciwon ya daɗe kafin ya sake ni, kuma har yau in na yi sakaci da ɗankwalin safe ko na taka siminti ba takalmi, sai ya aiko gaisuwa. Jumma ma sai da na kora ta wajen malamar nan, ta sake takalmi. Surfe na sallama wa inji, na huta da wannan tsayuwar. A gindin turmi kuma na cika buhu da ƙaiƙayi ina tsayawa a kai, simintin ɗana yana nan ba wanda ya fasa. Amma kirɓi yana hannuna. Rabin icen yana bakin madafa, kuma duk mai nonon da ta zo da wuri sai ta tuɓe takalmi ta ɗan murza kafin fura ta fito. Wani lokaci har faɗa suke a kan layi.

To ga turmi nan, ga buhun ƙaiƙayi, takalmi ma zan ba ku aro. Ke da kika ce gari ne da ruwa, gobe da safe in na juye dawo, za ki zo ki kirɓa mini har in ji taɓarya ta tsotsa?